Kukan alawa: yadda muke koya wa yara rigima da hannunmu

Yau zancenmu a kan yaron nan ne da ba ya wuce teburin mai alawa sai ya zube ƙasa yana birgima. Kin hana, ya ƙara murya. Jama'a sun zuba ido, wata ta ce, "Haba baiwar Allah, saya masa mana." Kunya ta kama ki, kin zaro kuɗi. Tsit.

A wannan ɗan lokacin mutum biyu ne suka ɗauki darasi. Yaro ya gane birgima na kawo alawa. Ke kuma kin gane alawa na kashe kuka, don haka gobe hannunki zai fi saurin shiga jaka.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. A 1898 wani Ba'amurke, Edward Thorndike, ya wallafa gwajin da ya yi da maguna. Yakan kulle mage a akwati, ya ajiye abinci a waje. Ta yi ta yaƙushi har ta taɓa abin da ke buɗe ƙofar ba da niyya ba. Da ana maimaitawa, sai ta riƙa fita da wuri. Duk aikin da daɗi ya biyo bayansa, za a sake shi.

Abin da ya fi shafar mu shi ne wanda B.F. Skinner ya gano daga baya da ɓeraye masu danna wani ɗan ƙarfe don abinci ya faɗo. Ɓeran da ya saba samu a kowace dannawa, idan aka yanke abincin ba ya jimawa yake haƙura. Wanda kuwa yake samu jefi-jefi, bai san ta nawa ce za ta kawo ba, sai ya yi ta dannawa ba ji ba gani. Wannan ne ma ya sa shagunan cacar ƙwallo ba sa rabo da samari.

To ki duba gidanki. Kin hana sau huɗu, a na biyar kin gaji kin bayar. A ganinki kin yi ƙoƙari, amma abin da yaron ya koya shi ne naci na biya. Haka idan kin hana, maigida ya dawo ya miƙa biskit don a bar shi ya huta, ko kaka ta kwance bakin zani. Sai kun haɗa baki.

Idan za ki saya, ki saya tun kafin a buɗe baki da kuka. Idan kin ce a'a, ki tsaya a kai, kuma ki shirya: kwanakin farko kukan ƙaruwa zai yi kafin ya lafa. Nan ne iyaye da yawa ke sarewa, su bayar a daidai lokacin da ihun ya kai ƙarshe, yaro ya koyi sabon farashi.

Ba alawa kaɗai ce tukuici ba. Yaron da ya zauna yana wasansa lafiya ba mai kallonsa, sai ya mari ƙaninsa a kira sunansa. Wurin mai neman kulawa, faɗan ma riba ne. Ranar da kuka wuce mai alawa bai ce uffan ba, ki yaba masa nan take, ki faɗi abin da ya yi, kada ki bari sai dare.

Duk wannan bai shafi jariri ba, ko yaron da yunwa, ciwo ko zazzaɓi ke sa shi kuka. Wannan a ɗauke shi, a duba jikinsa, in abin ya ƙi a nufi asibiti.