Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwa ɗalibai, an daɗe ana cusa mana cewa Afirka ba ta tsinana wa ilmin likitanci komai ba, wai mu 'yan cin arziki ne kawai masu jiran abin da Bature ya gano. Wannan magana ƙarya ce tsagwaronta, kuma tarihin cututtuka biyu ya isa ya tona ta.

A shekarar 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, wanda ke aiki a asibitin Mulago na Kampala a ƙasar Yuganda, ya bayyana wa duniya wani ciwon daji mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A jikin yaran Afirka aka gwada magunguna irin su cyclophosphamide, aka ga ƙari ya narke, wani lokaci bayan allura ɗaya ko biyu. Cikin waɗanda suka yi aikin har da Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru da ke Jami'ar Ibadan, wanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt. Wannan ciwo yana cikin na farko da suka tabbatar cewa magani kaɗai, ba tare da wuƙa ba, yana iya warkar da daji. To, yau ina aka kwana? A Turai da Amurka, cikin yara goma masu wannan ciwo kusan tara suna warkewa. A yawancin ƙasashenmu ko rabi ba su tsira. Da yaranmu aka gano maganin, amma yaran wasu ke rayuwa da shi.

Haka zancen yake a ciwon huhu, watau namoniya. A ƙasar Gambiya aka gwada allurar rigakafinsa a jikin jarirai fiye da 17,000, kuma sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna ta rage mutuwar yara da kashi 16 cikin ɗari. Amurka tun 2000 ta fara yi wa 'ya'yanta irin wannan allura. Nijeriya kuwa sai a ƙarshen 2014 ta soma, shekara tara bayan hujja ta fito daga nan yammacin Afirka. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 ciwon huhu ya kashe yara 162,000 a Nijeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai. Maganinsa fa, amoxicillin, ƙwaya ce mai araha da ake jiƙa wa yaro a ruwa.

Wasu za su ce tunda haka ne a kori masu bincike baki ɗaya, su kafa hujja da abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau. Fushinsu yana bisa hanya, amma shawararsu ta kauce. Wanda ya ƙi bincike ya yarda ke nan a riƙa ba ɗansa maganin da ba a san yadda zai yi a jikinsa ba. Abin da ya kamata shi ne a gindaya sharaɗi: kada a taɓa yaro sai da yardar iyayensa bayan an yi musu bayani da harshensu, kuma al'ummar da aka yi gwaji a cikinta ita ce farkon samun maganin, a farashin da talaka zai iya.

Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan baƙi. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Masu sa hannu a kasafin nan, in kansu ya sara, jirgi suke hawa zuwa Landan.

Saboda haka, ku ɗaliban likitanci da harhaɗa magunguna, da ku ƙananan ma'aikata da fayil ke bi ta teburinku, ku tambayi duk takardar neman izinin gwaji: in maganin ya yi aiki, yaushe zai iso ɗakin shan magani na ƙauyenmu, kuma nawa za a sayar da shi? In babu amsa a rubuce, kada ku sa hannu.