Mace Ma Tana da Haƙƙi a Kan Rana

Saudiyya ba ta rasa rana ba, amma likitoci sun daɗe suna samun ƙarancin bitamin D a jikin matan can. Dalili kuwa shi ne fatar mutum ce ke haɗa wannan sinadari idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye. Hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya wannan aiki, kuma baƙar fata irin tamu ta fi buƙatar lokaci a rana. Don haka kada zafin Sakkwato ko na Damagaram ya ruɗe mu.

Bitamin D ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, wanda da shi ake gina ƙashi. In ya yi ƙaranci, ƙashi ya yi laushi, tsoka ta yi rauni, ciwon baya da na ƙugu su samu wurin zama. Mace ta fi shiga haɗari, domin ciki da shayarwa suna ƙara wa jikinta buƙata, sannan bayan ɗaukewar al'ada ƙashinta na zaizayewa da sauri.

Kakanninmu mata sun yi daka da surfe da shanya a buɗaɗɗiyar tsakar gida. Suna motsa jiki, rana na dukansu, ba wanda ya gan su. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, an rufe tsakar gida da kwano, wasu kuma suna hayar bene mai ɗaki da falo. Sauƙin ya yi daɗi, amma mace kan wuni daga kujera zuwa gado. In ta yi kukan ciwon jiki, sai a ce gajiyar haihuwa ce, ta yi haƙuri.

Wannan amsa ba adalci ba ce. Maigidan da ya ɗauki amanar 'yar mutane ya ɗauki amanar lafiyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, wato aƙalla rabin awa sau biyar. Tafiya da sauri da hawa matakala suna ƙarfafa ƙashi, in kuma a fili aka yi da hantsi, an samu riba biyu. Addini bai hana ba: ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha.

Magidanta, ku bar wa matanku fili marar rufi inda za su buɗe hannu da ƙafa ba tare da keta sutura ba. Ku sa ƙwai da kifi mai maiƙo da nono a cefane. Wadda ciwon ƙashi ya daɗe yana damunta, a kai ta asibiti a auna jininta, maimakon sayen ƙwayoyi barkatai. Ranar da za a tambayi kowa game da abin da aka ba shi kiwo, lafiyar iyali na cikin lissafi.