Kira ga Gwamnatin Kano: A San Yawan Mutanen Gaya da Ajingi Kafin a Yi Musu Rabo

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf, da Majalisar Dokokin Jiha, da shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, tare da sanin Mai Martaba Sarkin Gaya, Alhaji Aliyu Ibrahim Abdulkadir, Allah ya ja zamaninsa.



Ranka ya daɗe, kukan da na kawo gabanku guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne. Ana yi wa Gaya da Ajingi tsari da rabo da lissafin da ya tsufa. Mutanen da ke ƙasa sun fi waɗanda ke cikin takarda yawa nesa ba kusa ba, kuma wannan giɓin shi ke cin mu a makaranta, a asibiti da gona.

Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum 201,016 a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita 613. Ta ba Ajingi mutum 174,137 a murabba'in kilomita 714. Jimla 375,153 ke nan. Daga waccan shekara ba a sake ƙirga mu ba. An sa ranar sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, aka ɗage ta ana saura kwanaki. Jaririn da aka haifa bayan malaman ƙidaya sun fita daga gidansu a 2006 yau ya isa yankar katin zaɓe, yarinya kuwa wataƙila tana goye da nata. Ko da ƙaruwar kashi 3 cikin 100 a shekara aka yi lissafi, kusa da ƙiyasin da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke aiki da shi, ƙananan hukumomin nan biyu sun haura mutum 600,000. Wannan kuma ƙiyasi ne kawai. Abin da ya fi damuna, ba a fitar da sakamakon 2006 gari-gari da ƙauye-ƙauye ba, a matakin ƙaramar hukuma aka tsaya. Saboda haka duk wanda ya ce zai faɗa muku yawan mutanen Kademi ko Toranke ko Gurduba, kintace yake yi.

Lissafin nan ba na malaman jami'a kaɗai ba ne, kuɗi ne. Ƙananan hukumomin ƙasar nan na karɓar kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, kuma wajen raba shi, kashi 30 cikin 100 yawan jama'a ake dubawa, kashi 10 faɗin ƙasa da yanayinta. Haka ma adadin malamai, allurar rigakafi, buhunan taki da kayan agaji, duk daga yawan jama'a ake faro su. In tushe ya karkace, komai adalcin mai rabo sai wani ya tashi hannu rabbana.

Na shiga wani aji na 'yan firamare a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu. Ɗakin an gina shi ne don yara kamar arba'in. Na tarar da su zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa tun daga gindin allo har bakin ƙofa, wasu a waje sun maƙale a taga suna leƙe, takalmansu na roba jibge a ƙofar aji. Malami ɗaya ne, muryarsa ta dishe tun kafin tara. Ba shi da sararin da zai ratsa ya duba littafin na baya. Iyayen yaran nan sun amsa kiran gwamnati, sun kawo 'ya'yansu boko, abin da aka shafe shekaru ana roƙonsu. Bai kamata sakayyarsu ta zama yaro ya gama aji shida bai iya rubuta sunansa ba.

Mun san ƙidaya aikin Gwamnatin Tarayya ne, ba mu ɗora muku abin da ba naku ba. Roƙonmu a nan shi ne ku matsa, ku da wakilanmu na Majalisar Tarayya, a yi ta, kuma in an yi a buga sakamakon har zuwa mazaɓa da ƙauye. Amma jiha ba sai ta zauna jiran Abuja ba. Mun ga yadda aka yi yaƙi da cutar shan inna har aka ayyana kawar da ita daga Afirka a watan Agustan 2020. Babu zauren da ma'aikatan rigakafi ba su rubuta wa lamba da alli ba, babu rugar da ba su taka ba, mai unguwa na gaba suna biye. Kafin wannan ma, zamanin haraji da jangali, waɗanda marigayi Gwamna Abubakar Rimi ya soke a 1979, dagaci ya san kowane baligi a ƙasarsa, an kuma san adadin shanun kowane garke. Hukuma ta iya ƙirga mu lokacin da take karɓa a hannunmu. Muna roƙon ta ƙirga mu yanzu da za ta ba mu.

Hanyar ba mai tsada ba ce. Gaya na da mazaɓu 10, Ajingi na da 10. A ba kowane mai unguwa littafin rajistar haihuwa da mutuwa, ya miƙa wa dagaci duk wata, dagaci ya kai wa hakimi, a haɗa da rajistar ɗakunan shan magani da ta makarantu. A ajiye ma'aikacin rajistar haihuwa a kowace mazaɓa, domin yawancin matanmu a gida suke haihuwa, kuma magidanci ba zai bar gona ya biya kuɗin mashin zuwa sakatariya don takardar da bai ga amfaninta yau ba. A ba masu unguwannin ɗan alawus mai zuwa a kan kari. A nan ne muke neman sa bakin Mai Martaba, Allah ya taimake shi, tunda dokar Yulin 2024 ta sanya Gaya da Ajingi da Albasu ƙarƙashin masarautarsa. An ƙirƙiri masarautar a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka dawo da ita bayan wata biyu a daraja ta biyu. Talaka ya gaji da wannan kai-kawo. A bar ta ta zauna, a ba ta aikin da za ta amfani jama'a.

Sai maganar ƙasar kanta. Daga birni, gabashin Kano kamar wuri ɗaya ne, alhali mu nan ƙasa biyu muke da ita. Akwai tudu, inda ake noma gero da dawa da gyaɗa da wake, komai ya dogara ga damina ta wata huɗu. Akwai kuma bakin gulbi, inda ruwan da ya wuto Wudil ke ratsa ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗejiya. Wannan ruwa na kogin Kano da na Challawa ne, kuma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 ne ke riƙe da linzaminsa. In damina ta yi ƙarfi madatsun suka tumbatsa, manomin fadama kan kwanta da shinkafarsa ta fara ɗaukar ciki, ya wayi gari sai kan zangarniya yake hangowa a saman ruwa. Shi ya sa hukumomin agaji kan sa Ajingi cikin jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Muna roƙon gwamnati ta zauna da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a tsara yadda labarin ƙaruwar ruwa zai iso ga dagatan bakin gulbi da wuri, ta waya da rediyo da sanarwar masallaci. Gargaɗin kwana biyu ya isa a kwashe hatsi daga rumbu, a kora dabbobi tudu. Tabarma da buhun masara bayan ɓarna ba sa mayar da abin da aka rasa.

Ruwan nan kuma shi ne maganin wata cutar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu, yau jikoki sun kasa ta ƴan kunya-kunya, abin da ake girbewa ba ya kai gida ga wata damina. Da an kammala kaka sai ka ga tasha ta cika da samari da ƙullin kayansu, sun nufi Kano, Abuja, Legas da Fatakwal ci-rani, wasu acaɓa, wasu ga-ruwa, wasu dako. Unguwa ta koma ta tsofaffi da mata da yara. Ba son yawo ke fitar da su ba. Da za a ba ƙungiyoyin manoma rijiyoyin burtsatse na fadama da injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, a gyara hanyoyin da ke fito da kaya daga gona zuwa babban titin Wudil zuwa Dutse, da yawa za su zauna su yi noman rani a gida. Muna godiya da titunan kilomita biyar da aka tsara wa hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, sai dai tumatir da albasa ba a cikin gari suke ruɓewa ba, a ƙauyen da mota ba ta shiga ne.

A siyasance kuwa ba a taɓa mantawa da yawanmu ba ranar zaɓe. Ƙasar Gaya ta ba Kano gwamna, Sanata Kabiru Ibrahim Gaya, wanda ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993, ya kuma wakilci Kano ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2023. Mu da Albasu kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai. Duk ɗan takara ya san akwatin da ya fi ƙuri'a a Shagogo ko Balare, ya san hanyar da zai bi ya isa can ko da damina. Wannan sanin muke so ya wanzu bayan an rantsar da mutum.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa shiga asusunsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. An yi zaɓen ƙananan hukumomi 44 na Kano ranar 26 ga Oktoban 2024. Abin da ya rage shi ne mutumin Kunkurawa ya ga hukuncin da idonsa. Ya ku shugabanninmu na ƙananan hukumomi, ku ƴaƴanmu ne kuma ƴan'uwanmu, da girmamawa muke roƙonku ku liƙa a bangon sakatariya, duk wata, da Hausa, abin da ya shigo da abin da aka kashe da mazaɓar da aka yi aikin. Ku kwana a cikinmu, ma'aikata ma su zo aiki kullum, kada sakatariya ta zama wurin da ke cika ranar rabon albashi kaɗai. Kowane kansila ya tara mutanen mazaɓarsa kafin a rubuta kasafi, a ji ta bakin mata da makiyaya, waɗanda galibi ba a kiransu taro.

Ranka ya daɗe, tarihin da muka gada ya ce daga Gaya maƙerin nan mai suna Kano ya tashi ya je Dutsen Dala neman tama, kuma har yau ana kiran zuriyarsa Abagayawa. Ba mu ambaci wannan don neman fifiko a kan kowa ba, domin Albasu da Warawa da Gabasawa ma irin kukanmu suke yi. Muna so ne a fara gwajin rajistar nan da mazaɓunmu 20, a ware mata kuɗi a kasafi mai zuwa, a sa Hukumar Ƙididdiga ta Jiha ta jagorance ta tare da masarauta. In ta yi kyau a kai ta sauran ƙananan hukumomi. Dattawanmu da malamanmu da ƙungiyoyin matasa a shirye suke su raka ma'aikata gida-gida duk ranar da kuka turo su.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam,
Naku mai biyayya, ɗan ƙasar Gaya.