Zagayen Tafkin Volta A Kan Babur: Tafiyar Da Ke Son Hankalin Madugu



A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo wa samarinmu, musamman waɗanda Allah ya hore wa abin hannu: su sayi manyan babura, su haɗa ayari, su nausa wata ƙasa, su dawo da hotuna da labarin cewa sun ci kilomita kaza a cikin awa kaza. Ni dai ba na cikin masu yi musu kallon 'yan ganganci, domin tafiya gadonmu ce, kuma wanda ya ga duniya ya fi wanda aka ba shi labarinta. Inda na saɓa da su shi ne wajen lissafi. Su da kilomita suke auna tafiya, alhali kakanninmu da zango suke auna ta. A ganina duk wanda zai yi kwanaki a kan babur yana zagaya babban ruwa, to lissafin kakannin nan ne zai kai shi ya dawo da shi gida lafiya, kuma ya dawo da abin faɗa.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki tafki guda mu ɗora ta a kai. Wani zai ce ga Tafkin Chadi nan kusa da mu. Gaskiya ne, to amma rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya mayar da gaɓar wannan tafki wurin da babu mai hankalin da zai je yawon buɗe ido a kan babur. Saboda haka na zaɓi Tafkin Volta na ƙasar Gana, wanda Bahaushe yake da tsohon tarihi a gefensa tun kafin ruwan ya taru.

Shi wannan tafki hannun mutum ne ya yi shi. An fara gina madatsar ruwa ta Akosombo a 1961, aka kammala a 1965, a zamanin mulkin Kwame Nkrumah. Ruwan da ya taru a bayanta ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, aka tashi mutane kimanin 80,000 daga garuruwa da ƙauyukansu aka sake musu matsuguni. Abu na farko da mai shirin tafiya ya kamata ya gane shi ne, wannan ruwa ba kewayayye ba ne kamar bakin ƙwarya. Idan ka dube shi a taswira za ka ga ya yi rassa kamar yatsun hannu, domin ya bi kwarin kogunan da ke zuba a cikinsa, irin su Oti da Afram da Sene da Farin Volta da Baƙin Volta. Babu wani titi guda da ya bi bakinsa ya kewaye shi. Wanda ya ce zai zagaya shi, dole a wasu wurare ya yi nisa da ruwan har ya manta da shi, a wasu wuraren kuma dole ya sauka daga babur ya jira jirgin fito.

A nan ne lissafin kilomita yake karyewa. A Dambai jirgin fito ne ke ƙetarar da motoci da babura a kan reshen Oti zuwa ɓangaren Kete Krachi. Can arewa kuma, tsakanin Makango da Yeji, wani jirgin ne. Jirgin fito yana da lokacinsa, injinsa yana iya tsayawa, manyan motocin doya suna iya cika shi kafin ka iso. Taswirar da ke cikin wayarka za ta ce maka saura awa biyu ka isa, amma ba ta san direban jirgi ya tashi aiki ba. Mutumin da ya tsara wa kansa cewa lallai yau sai ya kwana a gari kaza, idan ya iso bakin ruwa ya tarar jirgi ya tafi, abu biyu ne za su zo masa a zuciya, kuma dukansu hanyar halaka ne: ko ya ɗora babur ɗinsa a kwalekwalen da aka riga aka cika da mutane da kaya, ko kuwa ya juya ya bi wata doguwar hanya cikin dare.

Batun kwalekwale ba abin wasa ba ne a wannan tafki. Lokacin da ruwa ya taru ba a sare itatuwan dajin da ya cinye ba, don haka har yau kututturansu suna tsaye a ƙarƙashin ruwa, wasu ana hango kawunansu, wasu kuwa sai jirgi ya hau kansu. Ga kuma lodin da ya wuce kima. A watan Oktoba na 2025 wani kwalekwale ya kife kusa da Kete Krachi, mutum 15 suka rasu, mafi yawansu yara ƙanana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Tafiyar dare ita ma ba ta da alheri: ƙasar tana kusa da tsakiyar duniya, wajen ƙarfe 6 na yamma rana take faɗuwa kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri. Ramin da za ka kauce wa da rana, da dare shi ne zai jefar da kai.

To yaya fatake suke yi? Mai karatu ya tuna cewa wannan yanki shi ne Gwanja da muke ji a bakin tsofaffi. Ayarin jakuna yakan taso daga Kano ko Sakkwato ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, ya yi watanni a hanya, ya sauka kasuwar Salaga ya sayi goro ya juya. Ba su da taswira, amma suna da tsari. Akwai madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan tashi da sauka. Akwai jagaba mai wucewa gaba ya dubo hanya da masauki. Akwai uban dawaki mai kula da kuɗin da za a biya a mashigai da garuruwan sarakai. Kuma tafiyar kowace rana tana ƙarewa ne a zango, wato wurin da aka san akwai ruwa da abinci da tsaro, ko da ƙafa tana da sauran ƙarfi. Wannan kalma ta zango ita ce ta zauna a Gana har yau, ta zama sunan unguwannin baƙi Musulmi a kusan kowane babban gari.

Ayarin babura ma haka ya kamata ya kasance. A naɗa mutum ɗaya wanda idan ya ce a nan za a kwana, an gama magana. A sami mai tambayar hanya, wanda a kowane gari zai je tasha ya ji daga bakin direbobi halin da titin gaba yake ciki da lokacin tashin jirgi, domin labarin jiya ya fi taswirar bara. A sami mai riƙe kuɗin ayari a sidi, kuɗin ƙasar, saboda fito da mai da masauki. Sannan wanda ya fi kowa sanin gyara ya zama shi ne na ƙarshe a layi, da kayan faci da famfo da fulogi da sifanu da baƙin mai a bayansa. Ayarin da kowa madugu ne, tun a mararraba ta farko yake watsewa.

Da ni za a tambaya, kwana 10 zan ba wannan zagaye. Rana ta farko a taso daga Akara zuwa Akosombo, tafiyar kimanin kilomita 100, don a gwada babura a ɗaure kaya da kyau, a kuma ga madatsar da ta haifi tafkin. Rana ta biyu a haye gadar Adomi a Atimpoku a bi gabashin ruwa zuwa Kpando. Ta uku a isa Dambai a kwana a nan, domin a kama jirgin safe, kuma wannan ita ce ƙa'idar da ba a karyawa: a kwana a bakin fito, a haye da safe. Ta huɗu da ta biyar a Kete Krachi. Ta shida a nufi Salaga, ta bakwai a wuni a cikinta. Ta takwas a gangara Makango a haye zuwa Yeji a kwana Atebubu, ta tara Kumasi, ta goma a biyo ta Nkawkaw da Koforidua a rufe da'ira a Akosombo. Idan jirgin Yeji ya ƙi, akwai mafita: daga Salaga a haura Tamale, a haye gadar Yapei da ta Buipe, a sauko ta Kintampo. Hanyar ta fi tsawo, don haka tun daga gida a ware mata kwana ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana.

Lokacin tafiya ma yana cikin shirin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ruwan sama yake ɗaukewa, hanyoyin ƙasa su bushe, sai dai a yi haƙuri da ƙura da hazon hunturu. Da damina kuwa taɓo zai riƙe taya, ruwan tafkin ma ya cika. A Satumba na 2023 sai da aka buɗe ƙofofin madatsar Akosombo don rage ruwa, ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a garuruwan da ke ƙasa da ita, irin su Mepe. A tanadi fasfo da katin rigakafin shawara da takardun babur da inshorar da ke aiki a ƙasashen Yammacin Afirka. Hular kwano kuwa ba ta barin kai. Kuma komai zafin rana kada a faɗa tafkin da sunan wanka, domin cutar tsargiya ta yaɗu a ƙauyukan gaɓarsa tun bayan da ruwan ya tsaya wuri ɗaya.

Na san abin da samari za su ce: ai daɗin babur shi ne 'yanci, ka murɗa hannu iska ta buge ka, wannan tsari na tsofaffi zai kashe armashin tafiyar. Amsata ita ce, wanda ba shi da kwanan rara a lissafinsa shi ne bawan agogo. Shi ne ba zai iya tsayawa ya sha shayi da masunta ba, shi ne zai wuce ɗaurin aure ko kasuwar ƙauye yana kallon allon gudu. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. Wasu kuma daga ɗaya gefen za su ce duk wannan ɓarnar kuɗi ce. Su ma ina da amsarsu, kuma ita ce dalilin da ya sa na ware kwana biyu-biyu ga Kete Krachi da Salaga.

A Kete Krachi ne Alhaji Umaru ya yi limanci har ya rasu a 1934. Haifaffen Kano ne, asalin gidansu Kabi, ya bi hanyar fatauci zuwa Salaga, bayan yaƙin basasar da ya tarwatsa garin a 1892 ya koma Krachi tare da sauran 'yan kasuwa. Yana cikin manyan marubutan Hausa na zamaninsa, ya yi waƙoƙi da Larabci da ajami, cikinsu har da wadda ya yi a kan zuwan Nasara da wadda ya yi a kan talauci da wadata. Tsohon garin da ya zauna a ciki ruwan tafkin ya cinye shi, wanda ake gani yanzu sabo ne. Salaga kuwa, ban da goro, babbar kasuwar bayi ce, kuma fataken ƙasarmu suna cikin masu saye da sayarwa a cikinta. Tsofaffin rijiyoyin garin suna nan, ana nuna wa baƙo filin da kasuwar take. Bahaushen da ya tsaya a wannan fili ya kamata ya ji alfahari da kunya a lokaci guda, kuma babu makarantar da za ta ba shi wannan darasi kamar yadda tsayuwar za ta ba shi. Wanda ya shiga zango ya gaida sarkin zango da liman, ya ji Hausar da aka gauraya da Tuwi da Dagbani a bakin jikokin fatake, ba zai ce kuɗinsa sun tafi a banza ba. Amma mai gudun kilomita 500 a wuni, shi kam ya yi asara, domin ƙurar garuruwan kawai ya sha.

Wani hanzari ba gudu ba, ga mu masu son karatu. Kasuwar littattafanmu ta cika da labaran soyayya da na kishiya, ba laifi, muna karantawa muna jin daɗi. To amma littattafan tafiye-tafiye fa? Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta mana Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama, daga nan sai fagen ya yi shiru in ban da ɗaiɗaiku. Yau ga samari da babura masu iya kai su inda jakin madugu yake yin watanni kafin ya kai, amma abin da suke dawowa da shi bai wuce hoton allon gudu ba. Ina roƙon duk wanda zai yi irin wannan tafiya ya saka littafin rubutu da biro a cikin jakar da ya saka fulogi, kowane dare a zango ya rubuta wanda ya gani da abin da ya ji, da kuɗin fito, da sunan abincin da ya ci. Wanda ya kwana a inda ya kamata, ya tashi a lokacin da ya kamata, shi ne zai sami natsuwar yin wannan rubutu, mu kuma da muke gida mu sami rabonmu na tafiyar.

Allah ya kai matafiya lafiya ya dawo mana da su lafiya, amin.