Masu Zagin Biki Ba Su Taɓa Riƙe Tukunya Ba

Shekara da shekaru ke nan ana jin magana guda daga bakin wasu ma'aikata da ƴan boko da masu wa'azi, tun daga Damagaram har Yamai: wai biki ne ya talauta ƙasar Hausa. Wai mata sun mai da suna da aure kasuwa, suna kwashe abin da maigida ya tara da gumin goshinsa su zuba a kwanon ƙawaye. Wai da za a kashe biki, da kowane gida ya yi rumbu biyu. Maganar tana da daɗin ji a rediyo, tana kuma da farin jini a fadar shan shayi, inda babu mace ko ɗaya da za ta mai da martani. Sai dai akasarin masu faɗin ta ba su taɓa kwana da tunanin abin da za a aza bisa murhu da safe ba.

Wanda yake son ya san amfanin biki, sai ya kwana a gari kamar Tasawa, a kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, ya farka tare da matan gida. Famfo ya ƙafe tun jiya, mai garuwa kuma ya ƙara kuɗi. An ɗauke wuta, injin niƙa ya tsaya, dole a koma ga turmi, taɓarya kuwa ta tsage. Yaro ya tashi da zazzaɓi, maigida ya fita tun asuba bai bar komai ba, don shi ma bai san abin da kasuwa za ta ba shi ba. Babu ofishin da za a kai wannan kuka. Abin da uwargida take yi shi ne ta kira ƴarta ta aike ta gida na uku: "Je ki gaishe min da Inna, ki ce ko da ƴar tiya guda zuwa ranar kasuwa." Yarinya ta dawo da hatsi, da taɓarya, wani lokaci har da dala ɗari na magani. Babu takarda, babu shaida, babu riba. Wannan gida na uku kuwa gidan ƙawar biki ne.

Biki a nan ya wuce taron kiɗa da tuwo. Alkawari ne tsakanin mata biyu, sau da yawa tun suna ƴan mata suna talla tare. Idan ɗaya ta haihu ko za ta aurar da ƴa, ɗayar ta kawo gudunmawa. Idan nata ya zo, a mayar mata har da ƙari. Kowace ta san abin da ta bayar da abin da ake bin ta, ko da ba ta taɓa shiga lakwal ba. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a ƙasar Maraɗi, ya fitar da littafi guda a 1986 a kan kyauta da ciniki a wannan yanki, domin ya ga cewa kyautar da ke zagaye tsakanin gidaje tsari ce mai ƙa'ida. Abin da baƙo ya gani da idonsa, ɗan gida ya rufe ido ya kira shi almubazzaranci.

Tarihin kusa ya isa shaida. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. A 2005 yunwa ta afka wa jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, buhun gero ya haura jika 25 a kasuwanni da dama, maza suka bar garuruwa suka tafi cin rani. A 2023 takunkumi ya rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya. A duk waɗannan lokuta taimakon hukuma da na ƙungiyoyi, idan ya zo, yakan zo ne bayan an sha wuya. Kafin ya iso, wa ya riƙe gidaje? Matan da suka raba tiya biyu, suka sayar da akuya don ƙawa, suka ɗauki yaron wata suka haɗa da nasu a akushi guda. Irin wannan amana ba a ƙulla ta ranar da yunwa ta shigo. Ana ƙulla ta ne a sunaye da aurarrakin da masu wa'azin tsimi suke so a soke.

Abin mamaki, masu ilimin zamani da kansu sun tabbatar da haka. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata su taru, su zuba kuɗi kowane mako a asusu, su ranta wa juna. Tsarin ya yi nasara har ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A kan me ya tsaya? A kan adashe da sanayya da kunyar ƙawa, wato abin da matan nan suka gada. Idan an sa masa akwati da makulli da littafi sai a kira shi ci gaba, a yi taro a Yamai a tafa. Idan tsohuwa ta riƙe lissafinsa a ka sai a kira shi jahilci.

Masu kafa hujja da addini su ma su yi hattara. Gaskiya ne Musulunci ya hana almubazzaranci. Amma Suratul Ma'un ta zargi masu hana taimako, kuma malaman tafsiri da dama sun ce abin nufi har da ƙananan kayan aro, irin su tukunya da gatari da guga. Haƙƙin maƙwabci da sada zumunci ba al'ada ba ne kawai. Wanda ya hana matarsa zuwa sunan ƙawarta da sunan tsoron Allah, sai ya tanadi amsar da zai bayar ranar da nasa gidan ya rasa mai leƙowa.

Ba a ce biki ba shi da ciwo ba. Yana da shi, ciwon kuwa shi ne ninki. Jika ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, har ta kai inda mace za ta sayar da kwanukan ɗakinta don kada a ce ta gaza. An ga ƙawancen shekara talatin ya mutu a kan wannan. Ga anko, ga maroƙa, ga lefen da ake jerawa don idon jama'a. To amma wa ya ɗaga farashin? Ba mai sayar da ƙosai ba ce. Gidajen manyan ƴan kasuwa da manyan ma'aikata ne suka mai da aure wurin nuna arziki, talaka ya bi sahu don gudun gori. Sau da yawa mai zagin biki a fada shi ne wanda ya cika unguwa da motoci ranar auren ƴarsa.

Haka kuma shi ne wanda ya bar gari ya koma birni, ya ja katanga mai tsawo, ya sa ƙofar ƙarfe da maigadi. Abokin da suka yi makarantar allo tare, suka ci ƙwaryar fura guda, yanzu sai ya aiko da gaisuwar murya ta WhatsApp ranar rasuwa, ya turo jika biyar, ya ɗauka ya sauke nauyi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Matan Tasawa da Madawa da Magarya har yau da ƙafa suke zuwa, cikin rana, da kwano a ka. Wanda ya daina zuwa ba shi da bakin koya musu yadda ake riƙon mutane.

Gyara yana hannun masu abin. Masu unguwa da limamai su zauna da shugabannin mata, a yi yarjejeniya a kan iyakar ninki, yadda idan gudunmawa ta kai wani adadi za a mayar da ita daidai, ba tare da kunya ba. A rage anko, a bar kwano. Masu hali su fara, domin su ake kallo. Ba a yanke hannu don yatsa ya yi ƙurji. Duk wanda ya dage sai an kashe biki gaba ɗaya, to ya fara faɗin gidan da za a aiki yarinya ranar da rumbu ya ƙare. Allah ya bar zumunci.