Gargaɗi Ga Masu Halatta Ƙarya Domin Kama Mai Laifi

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imar hankali da ya bambanta mu da dabbobi da ita. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani abin da ya sa muka rubuta wannan takarda shi ne wata magana da ta yi yawa a bakin samari, har ta fara shiga zaurukan karatu. Maganar ita ce, wai idan mai tsaron doka ya tabbata a zuciyarsa wane ne ya yi laifi, kuma shaida ta gagara, to, babu aibu ya ƙaga shaida, domin kada mugu ya kuɓuta. Waɗansu daga cikinsu suna kafa hujja da wani majigi na Amurka da suka gani, suna yabon jarumin cikinsa. Mu kuwa muna cewa wannan magana ɓata ce, kuma majigin da suke jingina da shi, shi ne farkon mai ƙaryata su, da sun kalle shi da idon basira.

In ka ce, me ya haɗa jam'iyyar gyara da zancen majigi, alhali wasa ne da ɓata lokaci? Sai mu ce, ba mu aiki kowa gidan sinima ba, amma abin da ya riga ya shiga kunnen almajirai ya zama shubuha, wajibi ne a warware shi, ko daga ina ya fito. Mai magani ba ya ƙin duban miki domin ƙyama.

Fasali na farko, cikin bayanin labarin

Sunan majigin Insomnia, ma'anarsa rashin barci. Mutanen ƙasar Nowe suka fara yinsa a shekarar 1997, sa'an nan wani gwanin shirya majigi mai suna Kiristofa Nolan ya sake shi a shekarar 2002, ya mai da labarin Alaska, ƙasar sanyi ta arewacin Amurka. Wannan na biyu shi ne wanda samari suka fi sani. Alaska na cikin wuraren da dare yake kusan ɓacewa a tsakiyar shekara, har a can ƙarshen arewa rana takan yi makonni ba ta faɗi ba, waɗanda malaman fiƙihu suka yi magana a kan ƙaddara musu lokutan salla da azumi. Ku riƙe wannan, domin labarin ya ginu a kansa.

An kashe wata yarinya 'yar shekara 17 a wani ƙaramin gari na masunta, sai aka aiko 'yan sandan ciki biyu daga birnin Los Anjalis su taimaka. Babban cikinsu sunansa Doma, wanda Al Pacino ya fito a matsayinsa, tsoho ne mai suna, har ana karanta ayyukansa a makarantar 'yan sanda. Amma a can gida ana bincikensa, kuma abokin aikinsa Ekat ya gaya masa zai faɗa wa masu bincike abin da ya sani, domin ya tsira da kansa. Washegari suka yi wa mai kisan tarko a wata bukka a bakin ruwa, ya tsere cikin hazo, Doma ya hangi inuwar mutum ya harba. Ashe Ekat ne. Ya mutu a hannunsa yana zaton da gangan ya harbe shi.

To, a nan hanya ta rabu biyu, Doma ya ɗauki ta hagu. Ya ce mai kisan yarinyar ne ya harbi abokinsa. Ya tsinci bindigar da mai laifin ya yar, ya harbi mushen kare da ita, ya tono harsashin, ya musanya shi da wanda aka ciro daga jikin mamacin. Ya kira matar mamacin ta wayar tarho ya yi mata ta'aziyya da bakin da ya yi ƙarya da shi. Sai barci ya ƙaurace masa. Ya toshe taga da labule da matashin kai, ya ɓoye agogo, haske bai daina shigowa ba, ya kwana shida idonsa biyu, har ya fara ganin mamacin cikin taro.

Mai kisan kuwa, wani marubucin littattafan labaru ne mai suna Finci, wanda Robin Williams ya fito a matsayinsa, ya ga abin da ya faru cikin hazo. Sai ya riƙa kiran Doma da dare yana yi masa zance irin na 'yan'uwa, cewa su biyu duk sun yi kisa ba da nufi ba, su rufa wa juna asiri, su ɗora laifin a kan saurayin yarinyar. Haka kuwa aka yi, aka samu bindigar a wurin yaron, aka kama shi, Doma yana tsaye yana kallo bai ce uffan ba.

Fasali na biyu, cikin asalin ɓarnar

Masu yabon Doma sukan ce, ai ƙaddara ce ta faɗa masa, hazo ne ya ruɗe shi. Mun yarda harbin yana iya zama kuskure. Amma ku tambaye su, me ya hana shi faɗin gaskiya nan take? Ku almajirai kun san hukuncin kisan kuskure cikin Suratun Nisa'i: babu ƙisasi a cikinsa, diyya ce da kaffara. Dokar Amurka ma tana bambanta mai ganganci da mai kuskure. Ƙofa a buɗe take, mai faɗi. Abin da ya rufe ta wata tsohuwar ƙarya ce.

A daren ƙarshe Doma ya kwance wa matar da ke kula da masaukinsa zuciyarsa. Ya ce shekarun baya wani mutum ya azabtar da yaro ƙarami ya kashe shi, shi kuma ya tabbata shi ne, amma shaida ba ta isa ba. Sai ya ɗebi jinin yaron ya shafa a tufafin mutumin, aka ɗaure shi da wannan. Wannan ne abin da Ekat ya sani, kuma saboda shi ne Doma ya ji tsoron in ya ce ni na harbe shi, kowa zai ce ya kashe shi ne domin ya rufe bakinsa. Tun farkon majigin ana ta nuna ɗigon jini yana ratsa zaren farin ƙyalle, mai kallo bai san ma'anarsa ba sai a wannan dare.

Ku duba silsilar da kyau. Ƙaryar da ya yi domin yaro marar laifi da aka kashe, ita ce ta haifi ƙarya a kan gawar abokinsa, wannan ta mai da shi bawan mai kisa, har ya bari aka kulle wani yaro marar laifi. Wanda ya fara da cewa ba zai bar mugu ɗaya ya kuɓuta ba, ya ƙare yana shirya wa mugu hanyar kuɓuta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Hausawa suka ce, amma kafin a kai ƙarshensa mutum nawa ne suka faɗa ciki?

Fasali na uku, cikin amsa shubuharsu

In ka ce, ai mutumin farko da gaske shi ya kashe yaron, to, wa aka zalunta? Sai mu ce, wa ya gaya maka? Doma ne kaɗai ya faɗa, kuma hujjarsa ita ce ya dubi mutumin ya gane. Wannan idon ne kuwa ya dubi abokinsa cikin hazo ya ɗauke shi mai laifi. Da aka tambaye shi a ƙarshe ko da gangan ya harbi Ekat, ya amsa cewa shi kansa bai sani ba yanzu. Mutumin da ya kasa sanin niyyar zuciyar da ke cikin ƙirjinsa, ta yaya za a ɗaure wani bisa yaƙinin wannan zuciya?

Domin wannan ne malamanmu na Malikiyya suka tafi a kan cewa alƙali ba ya hukunci da saninsa, sai a wajen tsarkake shaidu ko sukarsu. Ko da ya ga abin da idonsa a wajen majalisa, sai dai ya koma shaida a gaban wani alƙali. Ba su faɗi haka domin suna zaton kowane alƙali maƙaryaci ne ba. Sun san in aka buɗe wannan ƙofa ga adali, azzalumi zai bi bayansa ya shiga, kuma talaka ba shi da ma'aunin da zai gane wanne ne wanne. To, in an hana alƙali, mai ilmi da rawani, ya yi hukunci da abin da ya gani da gaske, ina ga ɗan sanda ya ƙaga abin da bai faru ba? Wannan ita ce shaidar zur, wadda aka lissafa cikin manyan kaba'irai tare da shirka da saɓa wa iyaye, kuma ba a togace ba a ce sai in wanda aka yi wa mugu ne.

Masu tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, yana Sarkin Musulmi a Kufa, ya ga sulkensa da ya ɓace a hannun wani mutum daga ma'abota littafi, ya kai ƙara gaban Alƙali Shuraihu. Alƙali ya nemi shaidu, ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga ubansa, ya bar sulken a hannun wanda ake ƙara. Aliyu ya san sulkensa ne, yana kuma da dakarun da za su ƙwato shi ko su rantse masa, amma ya tafi hannu wofi. Ganin haka mutumin ya yi iƙirari ya mayar da kaya. Wane ne cikin samarinmu zai ce yaƙinin Doma ya fi na Aliyu?

In ka ce, to, sai a bar mugu ya tafi ke nan? Sai mu ce, a ƙara bincike, a ƙara haƙuri, a sa masa ido, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. In duk da haka ya kuɓuce, akwai majalisar da ba a kuɓuce mata. Kuma ku lura da abin da Doma ya fi tsoro: in aka gane ya ƙaga shaida sau ɗaya, za a sake buɗe dukkan shari'o'in da ya yi, har waɗanda ya yi da gaskiya, miyagu da yawa su fita. Ashe ƙaryar da aka yi domin ɗaure mutum ɗaya ita ce mabuɗin kurkuku duka.

Fasali na huɗu, cikin bambancin zargin rai da tuba

Waɗansu kuma tausayi ya kama su, suka ce, ai ya sha azaba, kwana shida ba barci, wannan ya isa kaffara. A'a. Rai mai zargin kanta, wadda Allah ya ambata a farkon Suratul Ƙiyama, ni'ima ce, alama ce zuciya ba ta mutu ba, kuma da ita Doma ya fi Finci, wanda ya kashe yarinya domin ta yi masa dariya, sa'an nan ya wanke gashinta ya yanke mata farce, yana kiran abin haɗari. Amma zargin rai mai kira ne kawai, kamar ladan, kuma jin kiran salla ba ya sauke farali. Sharuɗɗan tuba kun san su: nadama, da barin laifin, da ƙudurta ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga mai shi in na bayi ne. Doma yana da na farko tun daren farko, sauran kuwa babu. Rashin barcinsa bai buɗe wa yaron da ke kulle ƙofa ba, bai gaya wa matar Ekat wanda ya mai da ita gwauruwa ba. Yana ta faɗa da taga, alhali hasken da ke hana shi barci ba daga taga yake shigowa ba.

Aiki ɗaya ya yi mai kama da tuba, shi ma sai da ajali ya zo. Wata 'yar sanda ƙarama mai suna Eli, wadda ta ɗauke shi malami tun tana makaranta, ta tsinci kwanson harsashinsa a wurin da Ekat ya faɗi, ta gane kome. Bayan shi da Finci sun harbi juna, yana kwance yana mutuwa, ta ɗaga hannu za ta jefa kwanson cikin tafki domin ta rufa wa malaminta asiri. Ya hana ta, ya gargaɗe ta kada ta bar hanya. Wato jarumin da samari ke kafa hujja da shi, wasiyyarsa ta ƙarshe ita ce kada a yi koyi da shi. A majigin Nowe na farko kuwa an rufa wa ɗan sandan asiri, ya koma gida ba wanda ya taɓa shi, kuma ba a nuna ya sami sauƙi da haka ba.

Khatima

Ya ku almajirai, cikinku akwai waɗanda gobe za su zama alƙalai, da muhutai, da 'yan sanda, da masu unguwa, da shaidu a kan gona da gado da aure. Ranar za ta zo da wani zai ce muku, kowa ya san wane ɓarawo ne, ka dai ce ka gan shi. Ko taro ya kewaye mutum a kasuwa da sanduna, kowa yana rantsuwa da abin da bai gani ba. Mai jarraba ku ba zai zo da sunan zalunci ba, da sunan taimakon gaskiya zai zo, kuma sau da yawa wanda kuke girmamawa ne. Ku faɗi abin da kuka gani, ku tsaya nan. Ku malamai kuma, ku karantar da babin shaida kamar yadda kuke karantar da babin tsarki, kuma kada ku so almajiri ya rufa muku asiri da abin da zai halaka shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya tsare harsunanmu daga zur, ya ba mu tuba tun muna da ƙarfin mayar da haƙƙi, ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu.