Mun karɓi amarya, mun ƙi miyarta



A ƙasar nan muna alfahari da auratayya tsakanin ƙabilu, kuma muna da gaskiya. Da wuya ka shiga zuri'a a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba ka tarar da Bazabarma, Bafillatana, Babarbariya ko Buzuwa a cikinta ba. Soja, jandarma, malamin lakkwal da ma'aikacin lafiya, inda aiki ya kai su nan suke samo mata. Ƴan Adar masu zuwa bariki su ma wasunsu kan dawo da mata daga Abijan, Kwatano, Lome ko Kumasi. Ranar biki kowa murna yake, a yi guɗa, a ce zumunci ya ƙaru.

Amma akwai abin da ba mu cika faɗa ba. Kwana bakwai bayan biki, ranar da amarya ta kama girki, sai a kafa mata wata kotu wadda babu lauya a cikinta. Uwar miji ce alƙali, ƙannen miji su ne shaidu, facaloli na gefe suna jiran hukunci. A buɗe kwano, a kalli juna, wata ta taɓe baki. Kafin la'asar labari ya gama kartiye: matar wane ba ta iya girki ba.

To mu tsaya mu tambayi kanmu, mi wannan maganar take nufi? Sau da yawa yarinyar nan ta iya girki sarai. Tun tana ƴar shekara goma take gindin murhu tare da uwarta. Abin da ba ta iya ba shi ne girkin gidanku. Hannun uwarta ta ɗauko, ku kuma hannun taku uwar kuke nema a cikin tukunyarta. Da za a kai ƙanwar mijin nan mai taɓe baki Agadas, a ce ta gasa togalla cikin rairayi da toka yadda ba za ta ƙone ba kuma ba za ta fito da ƙasa ba, ko a kai ta Difa a ce ta turara burabusko, ita ma da an ce ba ta iya komi ba.

Nijar faɗi gare ta, kuma kowane yanki abin da ƙasarsa ta ba shi da shi ya saba. Mutumin bakin kogi, daga Ayoru har Gaya, ya tashi da kifi da shinkafa. Makiyayin Azawak ya tashi da nono, cuku da furar da ake dakawa da dabino, kuma akwai gidajen Buzaye da dama da tun kakanni ba su cin kifi. Mutumin Maraɗi da Damagaram yana sayen soyayyar fara da yaji kamar gyaɗa, wani kuma ko ganinta ba ya so. Wata miya sai da daddawar batso take miya, wani gidan kuma warinta kaɗai ya isa ya hana su cin tuwo. Wadda ta zo daga bakin teku ta saba da manja, doya, ayaba da barkono mai sa hawaye. Babu wanda ya zaɓi harshen da aka haife shi da shi. Kuma in ka duba da kyau, bambancin ma wani lokaci suna ne kawai. Abin da Bazabarme ke kira hawru shi ne tuwonmu, donu ita ce fura, kopto kuma kwaɗo ne. Sai dai wannan ta fi sa ƙuli, waccan ta fi sa yaji.

Wani zai ce ai maganar miya ce, mi ya kai ƙungiyar farar hula cikin madafa? Abin da ya kai mu shi ne abin da ke biyo bayan taɓe bakin. Mace ta wuni tana daka, tana tankaɗe, tana shaƙar hayaƙi, a mayar mata da kwano yadda ta kai shi. Gobe haka, jibi haka. Miji ya fara cin abincin dare ɗakin uwarsa kafin ya shigo. Daga nan sai habaici, daga habaici sai a fara zagin garinsu da ƙabilarsu, a ce ai su dama haki suke ci, ko a ce su ƙazamai ne. Wata rana kuma a ji ya ƙaro aure "don ya samu mai yi mishi tuwon kirki", ko a ga ta kama hanyar tasha da takarda a hannu. Masu unguwa da malaman da ke sasanta ma'aurata sun san sau nawa ake kawo musu ƙara da sunan rashin biyayya, in an tona sai a tarar daga kwanon tuwo aka faro.

Yaran gidan kuma suna kallo. Yaron da ya tashi yana jin ana kiran abincin uwarsa abincin banza, kun koya mishi raina rabin jininsa. Ranar da aka kai shi wajen kawunnansa hutu, zai ture kwanon kakarsa, ita kuma ta san daga inda ya ɗauko. Ƙabilancin da muke tsinewa in mun gan shi a siyasa, a irin wannan wuri yake tsirowa.

Abin mamaki, mu ne mutanen da abincinmu ya yi baƙunta a ƙasashen wasu aka karɓe shi hannu bibbiyu. Duk wanda ya je Abijan ya san garba, aceke da soyayyen kifin tuna da ɗanyen barkono. Ƴan Nijar ne suka shahara da saida shi, har sunan Garba ya bi abincin, yau ɗalibi da lebura da ma'aikacin banki a Kodibuwa duk suna layi gaban ɗan uwanmu. A Gana, shinkafa da wake ta Hausawan zango ita ce ta zama waakye da ƙasa duka ke ci da safe. Tuwon zafi suna nan suna kiran shi da sunansa na Hausa, kokon Hausa kuma ana shan shi a titunan Akara. Tsire da kilishi kam ba a magana. Ba su ce wannan abincin baƙi ne ba, sun ɗanɗana, ya yi musu, sun riƙe. Mu kuma ɗiyarsu ta shigo gidanmu ta daka sakwara, mu ce mi ne ne wannan kuma?

Sa'an nan mu leƙa tukunyar da muke kira ta gargajiya. Gero, dawa, wake, kuɓewa da kuka namu ne tun fil azal, ba musu. Amma masara, rogo, tumatir, barkono da tattasai duk daga nahiyar Amurka suka fito, sun iso Afirka bayan shekara ta 1500. Gyaɗar da ta gina arzikin Maraɗi da Damagaram zamanin Turawa, wadda muke ƙuli da mai da ita, ita ma daga can take. Tattasan Difa da muke taƙama da shi jikan baƙo ne. Ganyen shayin da muke dafawa sau uku daga Sin yake zuwa. Burodi Faransawa suka bar mana, Maggi kuma kakanninmu ba su san shi ba. Kenan miyar da uwar miji ke cewa ita ce ta asali, rabin kayanta baƙi ne da suka daɗe har aka manta da baƙuntarsu. Kakanninmu sun fi mu buɗaɗɗen baki.

Mazanmu kuma, ku yi haƙuri, a nan laifinku ya fi yawa. Mutum ne da rana zai zauna wajen ƴar Senegal ya share faranti na shinkafa da kifi, da dare ya tsaya bakin titi ya sayi aceke da soyayyar ayaba, ya biya kuɗinsa yana yabo. Amma matarsa ta dafa irin wannan a gida, sai ya ɓata rai don kada uwarsa ta ce an mallake shi. Kai ka je garinsu, kai ka gan ta ka ce kana so, ka ci abincin gidansu lokacin da kake neman aure har kana neman ƙari. Ka kawo ta cikin danginka ka sake ta ita kaɗai, ba ka gaya mata Inna ba ta son yaji ba, ba ka gaya wa Inna cewa a garinsu haka ake yi ba. Wani ma jika guda zai aje na cefane, a wannan tsadar, ya dawo yana neman miya irin ta gidan biki. Kuma ku lura da rashin adalcin: in baƙo ya auri ɗiyarmu ya ci loma biyu ta tuwo da miyar kuka, sai mu yi ta yabo, wane ya zama ɗan gida. Amaryar da ta koyi miya goma cikin wata uku, ko sannu ba ta samu.

Addinin da muke bi ma bai bar mu cikin duhu ba. Ya tabbata a hadisan Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An taɓa kawo gasasshen damo gidan matarsa Maimuna, ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaye shi ko haramun ne, ya amsa mishi cewa ba haramun ba ne, kawai ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba. Halidu ya jawo ya ci a gabansa, bai hana shi ba. Ku duba fa: bai ci ba, bai zagi naman ba, bai zagi masu cin sa ba. Iyakar da addini ya sa ita ce ta halal da haram. Abin da ya wuce nan sabo ne.

Na san za a ce ai wasa ne, taubasantaka ce. Gaskiya ne muna da wannan gado, har UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Bagobiri ya tsokani Bazabarme, Bafillace ya tsokani Babarbare ko Ba'are, kuma rabin tsokanar a kan ciki take, wane ya fi wane kwaɗayi. Amma wasan taubasai ƙa'ida gare shi: ka faɗa, a rama, a yi dariya tare. Amaryar da ba ta da ikon ɗaga ido gaban uwar mijinta ba ta iya ramawa. In ɗaya na dariya ɗaya na kuka cikin ɗaki, wannan ya tashi daga wasa.

Ba kuma cewa muke amarya ta zo ta juya gida yadda take so ba. Tsoho mai shekara saba'in da bai san komi ba sai tuwon hatsi da fura, ba a ce mishi ya koma cin manja rana ɗaya. Wadda ta shigo gida ya kamata ta koyi abin da gidan ke ci, kuma mafi yawansu suna koyo, da zuciya ɗaya. Abin da muke cewa shi ne koyon ya zama ta ɓangare biyu, kuma a bar mutum da mutuncinsa lokacin da yake koyo.

Uwar miji, Inna, wannan yarinya amana ce iyayenta suka ba ki. Kin karɓi gararta, buhunan shinkafa da tulun mai ba ki ce na baƙi ba ne. Ki jawo ta kusa, ki nuna mata yadda kike kaɗa miyarki, ki tambaye ta yadda ake tasu. Ke ma da ɗiya, kuma ba ki san garin da aure zai kai ta ba.

Maigida, ka zama tafinta tsakanin matarka da danginka. Ka fara sa hannu cikin kwanonta a gaban kowa. In akwai gyara, ka faɗa mata ku biyu cikin ɗaki. In mai zuwa garinsu ya samu, ka ba da saƙon cuku, busasshen kifi, garin rogo ko duk abin da take marmari, balle in tana da ciki ko tana jego nesa da uwarta. A cikin mako a ware kwana ɗaya ko biyu da gida duka zai ci abincin garinsu, yara su san sunansa da harshen uwarsu.

Ƙannen miji da facaloli, ku tuna kowacce cikinku baƙuwa ce a wani gida, ko ta riga ta zama ko tana hanya.

Ke kuma amarya, ki koya ba tare da jin an ci ki da yaƙi ba, kuma kada ki yar da hannun uwarki don kunya. Ki koya wa yaranki duka biyun.

Kowace shekara ran 24 ga Afrilu muna tuna yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa hannu a Yamai a 1995, a yi jawabai a kan haɗin kan ƴan ƙasa. Jawaban suna da kyau. Amma gidan da aka haɗa ƙabila biyu, can ne ake gwada haɗin kan nan sau uku a rana, da safe, da rana, da dare. In akwai amarya baƙuwa a gidanku ko maƙwabtanku, wannan makon ku aika yaro da kwano, ku ce ta zubo muku irin na garinsu. In kun ci, ku aika mata da sannu.

Allah shi ba mu zaman lafiya a gidajenmu da ƙasarmu baki ɗaya. Amin.